Abin da ya kamata ku sani kan 'yan ƙwallon Turai masu tushen baƙi da yadda jaridu ke kallon su

A watan Yulin 2018 Mesut Özil ya ajiye rigar Jamus bayan ya buga mata wasa 92. A sanarwarsa ya ce idan an yi nasara shi Bajamushe ne, idan an sha kashi kuma ya koma ɗan ci-rani. A Gelsenkirchen aka haife shi, kakanninsa ne suka zo daga Turkiyya, kuma yana cikin waɗanda suka ɗaga Kofin Duniya a 2014. Amma da Jamus ta fita tun zagayen farko a Rasha, sai jaridu irin su Bild suka yi ta nanata hoton da ya ɗauka da Shugaba Erdoğan na Turkiyya a London, kamar shi kaɗai ya shiga fili.

Ba Özil kaɗai ke wannan kukan ba. Romelu Lukaku ya faɗa a wannan shekarar cewa in yana zura ƙwallaye, jaridu kan kira shi ɗan wasan gaban Beljiyam, in ƙafa ta yi sanyi kuma sai a ƙara da cewa asalinsa ɗan Kwango ne.

Daga ina abin ya samo asali?

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Turai ta buƙaci ma'aikata. Jamus ta ɗebo daga Turkiyya, Faransa daga Aljeriya da Maroko da Afirka ta Yamma, Ingila daga ƙasashen da ta yi wa mulkin mallaka. 'Ya'yansu da jikokinsu sun taso a unguwannin talakawa, inda ƙwallo ke cikin ƙofofin arziki ƙalilan da ke buɗe. A takarda 'yan ƙasa ne cikakku. A kanun labarai kuwa, zamansu 'yan ƙasa ya dogara da sakamakon wasa.

Faransa ta nuna fuskokin biyu. A 1998, lokacin da Zinedine Zidane, ɗan Marseille mai iyaye 'yan Aljeriya, ya ci Brazil biyu da ka a wasan ƙarshe na Kofin Duniya, an yi ta yabon tawagar a matsayin alamar haɗin kan baƙaƙe da farare da Larabawa. A 2010, da 'yan wasa suka ƙi fita atisaye a Afirka ta Kudu bayan an kori Nicolas Anelka, sai masu sharhi suka koma zancen tarbiyyar yaran unguwannin bayan gari da rashin kishin ƙasa.

Yaya son kan yake bayyana?

Sau da yawa babu zagi a fili, zaɓin kalma ne ke yin aikin. A Disamban 2018 Raheem Sterling ya ajiye labarai biyu na Daily Mail gefe da gefe. Matasa biyu na Manchester City sun sayi gidaje masu tsada. Phil Foden, farar fata, an nuna shi a matsayin yaron kirki da ya saya wa mahaifiyarsa gida. Tosin Adarabioyo, mai iyaye 'yan Najeriya, an nuna shi a matsayin wanda ya watsa kuɗi alhali bai taɓa fara wasan Firimiya ba. Sterling ya ce irin wannan rubutu ne ke hura wutar wariya a filaye.

Wani lokacin kuma abin ba ya ɓoyuwa. A 2012 jaridar Gazzetta dello Sport ta zana Mario Balotelli, wanda aka haifa a Palermo, iyayensa 'yan Ghana, a siffar goggon birin King Kong. A 2021 Bukayo Saka, yana ɗan shekara 19, da Marcus Rashford da Jadon Sancho sun sha zagin wariya a shafukan sada zumunta bayan sun ɓarar da fenareti a wasan ƙarshe na gasar Turai tsakanin Ingila da Italiya.

Ambaton asali laifi ne?

Nan ne ake gardama. Da Faransa ta ci kofin 2018, ɗan barkwanci Trevor Noah ya ce Afirka ce ta ci. Jakadan Faransa a Amurka, Gérard Araud, ya rubuta masa cewa wannan musanta Faransancinsu ne. Noah ya amsa cewa mutum na iya zama duka biyu. Kowannensu yana da hujja: masu ƙyamar baƙi ma asalin suke kawowa don su cire yaran daga lissafi, su kuma yaran da yawa suna alfahari da gidajen iyayensu.

Mu ma a Afirka abin ya shafe mu. Ademola Lookman, haifaffen London, ya zaɓi Najeriya kuma ya zama gwarzon Afirka na 2024. A tawagar Maroko da ta kai wasan kusa da na ƙarshe a Qatar, 14 cikin 26 a waje aka haife su. Su ma ranar da suka gaza za a ji ana cewa ba su san zafin ƙasa ba.

Don haka in kun ga labari kan irin waɗannan 'yan wasa, ku duba yaushe aka tuna da asalinsu: ranar nasara ne ko ranar faɗuwa? Ku kuma tambaya ko abokin wasansu farar fata, da ya yi kuskure iri ɗaya, an binciki sunan kakansa.