Me Ya Kori Manoman Bakolori?

Fari ya gallabi ƙasar Sakkwato daga 1972 zuwa 1974, amma yawancin mutane suka cije suka zauna. Don kada a maimaita, gwamnati ta ba kamfanin Impresit na Italiya aikin datse Gulbin Sakkwato a Bakolori. Aka gama a 1978. Abin ɗaure kai, a waɗancan shekarun ne magidanta suka riƙa ɗaure kaya suna barin gida, ga ruwa maƙil a bakin ƙofa.

Wani zai ce ai cin rani ne. To, ɗan cin rani da ya hango hadarin shuka yake juyowa gida, waɗannan kuwa ba su da abin da za su dawo wa.

Sawun farko yana Maradun. Tafkin dam ɗin ya haɗiye kusan hekta 8,000, aka kwashe mutanen fadama aka zube su kan tudu mai marmara, inda garma ke ƙara in ta taɓa ƙasa. Na biyu yana filayen ban ruwa na Talata Mafara da Bakura. Katafiloli suka baje gonaki, suka tuge itatuwan amfani, aka hana shuka damina bayan damina ana jiran magudanai, diyya kuma sai gobe sai jibi. Da manoma suka tare hanyoyin aiki, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta a Afrilun 1980, zamanin Gwamna Shehu Kangiwa. Hukuma ta ƙirga gawa kaɗan; mutanen wurin ɗaruruwa suke faɗa.

Sai dai wannan bai bayyana dalilin da ya sa ƙauyukan da katafila ba ta taɓa takawa ba su ma suka rage mutane. Nan tarihin ƙasar Ailan yake taimakawa. Tsakanin 1845 da 1852 cuta ta ruɓar da dankalin Turawa, kusan mutum miliyan ɗaya suka mutu, fiye da miliyan suka tsallaka Tekun Atalantika, alhali jiragen ruwa na ta fitar da hatsi zuwa Ingila. Abinci na ƙasar, talaka ne ba shi da iko da shi. A Bakolori ruwa ne ya koma hannun wasu.

Binciken wani masani mai suna William Adams a ƙauyukan ƙasa da dam ɗin ya warware ƙullin. Rayuwarsu duka ambaliya ce: gulbi ya cika ya malale fadama, shinkafa ta tashi, in ya janye a dasa albasa da dankali a danshin, masunta su bi kududdufai. Dam ya riƙe ambaliyar. Shinkafa ta ja baya, noman rani ya karye, kifi ya yi wuya.

Mutanen waɗannan ƙauyuka kuwa ba su shiga lissafin diyya ba, don a takarda babu wanda ya karɓe musu gona.