Kaka ta iso butik ɗin unguwa: arahar yau, tsadar damina

Duk wanda ya ratsa unguwannin Maraɗi ko Birnin Ƙonni ko Magariya daga ƙarshen watan Satumba zuwa Nuwamba, zai ga ƙananan butik na bakin hanya sun canza kama. A sauran watannin shekara, abin da ke cike da kanta shi ne shinkafar waje da taliya da madarar gwangwani da sukari. Amma da zarar kaka ta kama, sai a shimfiɗa tabarma a ƙofar shago a jera kayan gonar karkara: sabon gero mai ƙanshi, farin wake, ɗanyar gujiya da dafaffen kwaruru, aya, riɗi, busasshen guro, jan sure na zoɓo, kabewa, dankali, ga kuma soyayyar fara da yaji a faranti. Yara na gasa tumu a bayan gida, mata na dama furar sabon gero. Lokaci ne na ƙoshi, kuma mun gode wa Allah da ya nuna mana shi.

To amma ƴan uwa ƴan kasuwa, mu da muke karanta farashin hatsi a gidan rediyo kowane mako mun san wannan araha baƙuwa ce, ba ta daɗewa. Abin da mai butik ya yi a cikin waɗannan makonni shi ne zai nuna ko unguwarsa za ta sami awo da sauƙi a watan Yuli da Agusta, lokacin da rumbuna suka ƙare kuma sabon hatsi bai nuna ba.

Me ya sa kaya ke karyewa da kaka? Dalilin a fili yake. Manomi ya ci bashi da damina, na taki ko na abincin ƴan aiki, kuma alkawarin biya da kaka ne. Ga yara sun koma makaranta a watan Oktoba, ga bukukuwan aure da aka jinkirta sai an yi girbi. Saboda haka kowa ya fito da hatsinsa kasuwa a lokaci guda, ba don ya yi masa yawa ba, sai don yana neman kuɗi a hannu. Manyan ƴan kasuwa kuwa sun san da haka. Sukan tura yaransu kasuwannin ƙauye su bi tiya-tiya suna tarawa, tiya 40 ta cika buhu mai kilo 100, a loda a mota. Wani ya tafi sito a Maraɗi, wani ya bi ta Ɗan Isa da Jibiya, ko ta Maigatari ranar Alhamis, har ya dangana da kasuwar Dawanau a Kano. Wake ya fi kowane kaya yin wannan tafiya, domin Nijar na cikin ƙasashen da suka fi noma shi a duniya, kuma tun da daɗewa Najeriya ce babbar mai saye. Bayan wata takwas, manomin da ya sayar da araha shi ne zai zo ƙofar butik yana neman tiya guda bashi, da tsada.

Ba mu manta da shekarar 2005 ba. Ƙarancin ruwa da farin ɗango sun ɓata daminar 2004, hatsi ya fita da yawa, sannan da damina ta zagayo gero ya gagari talaka, alhali ga shi jibge a kasuwa. Jihohin Maraɗi da Damagaram, inda aka fi noma, suna cikin waɗanda suka fi jin jiki. Darasin da aka koya shi ne, ba rashin hatsi kaɗai ke kawo yunwa ba, har da rashin abin saye.

Haka kuma iyaka ba abin dogaro ba ce kullum. Najeriya ta rufe iyakokinta a watan Agusta 2019, ba ta buɗe ba sai Disamba 2020. An sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, har zuwa Maris 2024. A watan Oktoba 2024 kuma, bayan ambaliyar da ta yi ɓarna a damina, gwamnatin Nijar ta hana fitar da hatsi zuwa waje, ban da Mali da Burkina Faso. Ga kuma canji: tun da Naira ta faɗi a 2023, wanda ya sayo da sefa ya sayar da Naira bai san ribarsa ba sai ya je wurin ɗan canji. Duk lokacin da irin wannan ya faru, wanda ya ajiye kayan gida a kusa da masu ci shi ne yake kwana da kwanciyar hankali.

Nan ne ƙaramin mai butik yake da abin yi. Ba ya buƙatar tirela. Buhu biyar na gero, uku na wake, da ɗan guro da sure busassu, in an saye su kai tsaye daga manoman kewaye, babu kuɗin mota mai nisa, babu na duwan, babu na ƴan kamasho. Amma sai an kiyaye abubuwa uku.

Na farko, bushewa. Sabon hatsi yana da laima ko da ido bai gani ba. A ciza ƙwaya a ji ta fashe da ƙara kafin a ɗinke buhu, kuma a ɗora buhuna bisa katako, kada su taɓa ƙasa ko bango. Gujiyar da aka tara da damshi tana yin hunhuna, wanda ke haifar da gubar da likitoci ke kira afalatoksin, mai lahanta hanta. Duk ƙwayar da ta canza launi a tsince ta a zubar, kada a ce za a yi ƙuli-ƙuli da ita.

Na biyu, ƙwari. Wake ba ya wata uku a buhun banza ba tare da ya huje ba, shi ya sa wasu ke yayyafa masa maganin feshi. Wannan ganganci ne da rayukan mutane, kuma yana kashe kasuwa: a 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da sayen busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a ciki. Alhali kuwa akwai buhun PICS mai riɓi uku, leda biyu a ciki da buhu ɗaya a waje, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, cibiyar binciken noma ta INRAN kuma ta gwada shi a nan gida. In an ɗaure kowane riɓi tam, iska ba ta shiga, ƙwarin sai su mutu da kansu, ba tare da ko ɗigon magani ba. Jarka ko ganga mai murfi sosai ita ma tana yin wannan aiki.

Na uku, mudu. Tiyar saye ta zama ita ce tiyar sayarwa. Manomin da aka auna wa da gaskiya shi ne zai fara kawo kayansa baɗi kafin ya nufi kasuwa, matar gidan da aka cika wa kwano kuma ba za ta tsallake shagon ba.

Ga manoma kuwa, akwai hanyar da ƙungiyoyi da dama suka bi tun wajen ƙarshen shekarun 1990 da taimakon hukumar FAO, wato jinginar hatsi, abin da ake kira warantaji. Ana ajiye kayan a sito mai kwaɗo biyu, makulli ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun asusun bashi. A karɓi kuɗi a yi kiwo ko noman rani, in farashi ya tashi a biya bashi a kwashi hatsi. Ba kowace shekara ce farashi ke tashi yadda ake zato ba, amma aƙalla hatsin yana nan a gari.

Ba muna cewa kada a nemi riba ba. Kasuwa ce, kuma ajiya tana da nata kuɗi da nata haɗari. Sai dai akwai bambanci tsakanin mai tanadi da mai ɓoyewa. Ofishin OPVN yakan fito da hatsi da farashi mai rahusa a lokacin tsanani, amma ba ya isa kowane gida. Wanda zai auna wa maƙwabci rabin tiya da magariba, ya rubuta a littafi sai an samu, mai butik ne na unguwa. Hausawa sun ce don tuwon gobe ake wanke tukunya. Allah ya sa albarka a cikin abin da aka girbe, ya kai mu wata kakar lafiya.