Awa huɗu a dajin da ke bayan gidan Nairobi

Duk wanda aiki ya taɓa kai shi taro a Nairobi ya san yadda ranar ƙarshe take. An rufe taro, an ɗauki hotuna, maigida ya shige ɗakinsa, jirgin komawa kuma sai gobe da dare. Akasarinmu kasuwa muke nufa, a sayo ganyen shayi da tsarabar yara. A wannan karon na saɓa al'ada. Ina idar da sallar asuba na hau wata mota mai buɗaɗɗen rufi, kuma ƙarfe shida daidai muna bakin ƙofar Gandun Dajin Nairobi, wanda bai wuce kilomita 7 daga tsakiyar birnin ba.

Kalmar da ake kiran irin wannan fita da ita, safari, ba baƙuwa ba ce a kunnen Bahaushe. Daga Larabci ta shiga Suwahili, tushenta ɗaya da safarar da fatakenmu suka sani. Sai dai idan an ambace ta, hankali yakan tafi Masai Mara, inda tafiyar mota kaɗai takan ci awa biyar ko shida, ga kuɗin masaukin da alawus ɗin tafiya ba zai ɗauka ba. Gandun Nairobi kuwa na mai ƙurarren lokaci ne. An kafa shi a 1946, shi ne na farko a Kenya, faɗinsa murabba'in kilomita 117 kacal.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne sanyi. Nairobi na kan tudu, sama da mita 1,600 daga doron teku, kuma iskar asuba a mota marar rufi ba ta jin kunyar kaftani. Wanda zai je ya tafi da rigar sanyi, kada kuma ya makara. Zaki da sassafe yake yawo. Rana na ɗagawa zai nemi inuwa ya kwanta, sai dai a nuna maka ciyawa a ce yana ciki.

Ba mu yi nisa ba muka tarar da raƙuman dawa uku suna tsinkar ganyen ƙaya, bayansu kuma dogayen benayen birni cikin hazo. Daga nan sai jakunan dawa, da jiminu, da garken ɓauna da suka tsaya suna kallonmu irin kallon da mai gadi yake yi wa wanda bai zo da katin shaida ba. Zakanya biyu muka samu a gefen hanya, sai da direba ya ji labarinsu daga takwarorinsa ta rediyo. Ko ɗaga kai ba su yi ba. Karkanda ce ta fi tsaya min a rai: uwa da ɗanta, tana tafe kamar dutse ya yi ƙafa. Wannan gandu na cikin wuraren da aka fi samun nasarar kiwon baƙar karkanda a Kenya, har akan ɗebi wasu daga nan a kai wasu dazuzzukan. Giwa kam babu ita, wurin ya yi mata kaɗan.

Amma tokarta tana nan. Kusa da babbar ƙofa akwai filin da Shugaba Daniel arap Moi ya cinna wa tan 12 na hauren giwa wuta a watan Yulin 1989, watanni kaɗan kafin ƙasashen duniya su haramta cinikinsa. A watan Afrilun 2016 Uhuru Kenyatta ya sake ƙona tan 105 a cikin gandun. Na tsaya kan tarin farar tokar, sai na tuna cewa a Abujarmu ma, a watan Janairun 2024, an niƙe tan biyu da rabi na hauren da aka kama. Har yau akwai masu ganin asara ce, gara a sayar a biya masu gadin daji. Hujjar masu ƙonawa ita ce duk hauren da ya shiga kasuwa da takarda yana buɗe wa na sata hanya, kuma ni ta fi gamsar da ni.

Barazanar da ke gaban gandun a yau, duk da haka, ba ta mafarauta ba ce. Ta masu awon fili ce. An kewaye shi da waya mai lantarki ta gabas da yamma da arewa, aka bar kudu a buɗe, inda kogin Mbagathi ya zama iyaka. Ta nan dabbobi ke fita zuwa filayen Kitengela idan ruwa ya sauka, su dawo da rani saboda madatsun ruwan da ke ciki. Ba don wannan ƙofa ba, da wurin ya zama gidan zu mai faɗi kawai. To filayen nan na Masai ne, kuma an daɗe ana yanka su fuloti-fuloti. Wanda ya ga yadda Lugbe da Kubwa suka cika cikin shekara ashirin ba sai an yi masa dogon bayani ba. Tun shekarar 2000 aka fara wani shiri na biyan masu filaye kimanin dala 4 a kan kowace eka a shekara don kada su yi shinge. Kuɗi ne da ba zai yi gogayya da tayin dillalin fili ba.

Makiyayan da suka rage su ne ke biyan kuɗin zakin da ni na zo kallo. Da dare yakan ƙetare kogi ya faɗa garke. Wani yaro ɗan yankin, Richard Turere, ya gaji da asarar shanun mahaifinsa, ya haɗa batirin mota da ƙananan fitilu masu kunnuwa suna mutuwa a kewayen garke, zaki ya ɗauka mutum ne ke zagaye da tocila. Dabarar ta bazu har wajen Kenya. Ba kullum ake rabuwa lafiya ba. A watan Maris na 2016 wani sanannen zaki da ake kira Mohawk ya fita ya kai Isinya, jama'a suka yi masa ƙawanya, ya raunata mutum ɗaya, jami'an kula da namun daji suka bindige shi a gaban kyamara.

Sai kuma gwamnati da kanta. Layin dogo na zamani da ya nufi Naivasha ya ratsa tsakiyar gandun a kan gada mai tsawon kusan kilomita 6, bayan ƙararraki da zanga-zanga, aka buɗe shi a 2019. An ɗaga ginshiƙan yadda raƙumin dawa zai wuce ba tare da ya sunkuya ba, kuma na ga jakunan dawa na kiwo a ƙarƙashinta hankali kwance. Duk da haka ban iya kawar da kai daga tunanin cewa wani ma'aikaci irin masu karanta wannan shafi ne ya rubuta takardar da ta nuna ratsa daji ya fi arha a kan biyan diyyar gidaje, kuma a lissafinsa bai yi kuskure ba.

Wajen ƙarfe goma muka isa bakin Mbagathi, inda ake barin mutum ya sauka ya taka da ƙafa tare da jami'i mai bindiga. Kada ɗaya na shan hantsi a kan yashi. A tsallaken kogin ana jin ƙarar guduma, wasu magina na ɗora kwano a kan sabon gida.