Nono, Madara da Ruɓewar Haƙoran Yara

Uwargida mai juna biyu, ko kin san haƙoran ɗanki sun fara ginuwa tun yana ciki? Tun wajen mako na 6 da samun ciki ake aza tubalinsu. Sinadarin kalsiyam da ke cikin nonon shanu, kindirmo da cuku yana cikin kayan wannan gini. Ki riƙa sha, amma ki tabbatar an tafasa madarar tukuna, domin ɗanyarta kan ɗauko ƙwayoyin cuta irin na tarin fuka.

Ba tsutsa ba ce

Jama'a kan ce tsutsa ke cin haƙori. Ba haka ba ne. Wasu ƙwayoyin cuta ne a baki ke cin sukarin da ya maƙale, su fitar da ruwa mai tsami wanda ke zaizaye haƙori har ya yi kogo. Madara zalla da kindirmo ba su cika jawo wannan ba. Matsalar ita ce sukarin da ake zubawa a fura da nono, da yogot mai zaƙi, da madarar gwangwani mai kauri da zaƙi.

Mafi muni shi ne a kwantar da yaro da fida a baki. Idan ana barci yawu yana raguwa, sai madarar ta kwana a kan haƙora ba abin da ke wanke ta. Haƙoran sama na gaba su ke fara nuna alama: farin tabo kusa da dasashi, daga baya ya koma ruwan ƙasa.

"Ai za su faɗi"

Haƙoran yarinta guda 20 ne. Na farko kan fito wajen wata 6, wasu turame kuwa sai yaro ya kai shekara 10 zuwa 12 suke faɗuwa. Idan suka ruɓe, yaro zai sha zogi, ya ƙi abinci, ya rame, kuma masu fitowa daga baya na iya fitowa a karkace.

Abin da za ki yi

Ki ba jariri nonon uwa zalla har wata 6, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara. Kada ki sa masa sukari a kunu ko madara. Daga wata 6 ki fara koya masa sha da kofi. Da haƙori ya fito, ki riƙa goge shi safe da dare da buroshi mai laushi da man goge baki mai fuloraid, gwargwadon ƙwayar shinkafa. Kada ki tauna masa abinci, domin ta yawunki ƙwayoyin ke shiga bakinsa.

Maigida da kakanni, ku ma ku rage tsarabar alawa.

Idan kin ga farin tabon nan, kada ki jira kuka. Daga Unguwa Uku, Gyadi-Gyadi ko Tarauni, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke Titin Zariya ba shi da nisa. Ki kawo shi sashen haƙori a duba. A wannan mataki ana iya tsayar da ruɓewar ba tare da an cire haƙori ba. Allah Ya sauke ki lafiya, Ya raya mana su.