Wa Zai Juya Baba a Kan Gado?

Shirinmu na yau daga Zangon Kumasi yake zuwa muku, kuma maganar tsofaffinmu za mu yi.

A ƙasashen Turawa, in ka ji an ce an yi sakaci da tsoho, galibi gidan kula da tsofaffi ake nufi, inda ma'aikaciya ɗaya kan kwana da tsofaffi da yawa, wani ya yi ta kira har muryarsa ta dushe. Mu nan Aboabo da Asawase da Sabon Zango ba mu saba da irin waɗannan gidaje ba, kai tsoho can ma abin kunya ne a wurinmu. Amma rashin hannu kam muna fama da shi, a cikin ɗakunanmu.

Ku tuna yadda aka kafa Zango. Fataken goro da masu shanu ne suka sauka, kowane baƙo da maigidansa. Maigida ya ba shi masauki, ya tsaya masa a ciniki, in ya kwanta ciwo a yi jinyarsa, in ya cika a yi masa sutura. Wata Ba'amurkiya mai bincike, Enid Schildkrout, ta zauna a Zangon nan a shekarun 1960, kuma littafinta na 1978 ya nuna yadda baƙi ke ƙulla zumunci da waɗanda ba jininsu ba. Abin da ya riƙe tsohon da bai haifu ba ke nan. Ba jini ba, jama'a, zaman tare ne ya riƙe shi.

To yau fa? Shiga gidan haya da hantsi ka gani. Baba na kwance, ɓarin jikinsa ya shanye. Surukarsa ta tashi tun asuba, ta dama koko, ta soya ƙosai, ta fita neman na cefane. Jikoki suna makaranta. Ɗansa yana Jamus ko Amurka, yana turo kuɗi ta waya, wato MoMo, Allah ya yi masa albarka. Sai dai kuɗi ba ya juya mutum a kan gado. Ma'aikatan jinya kan ce a riƙa juya irin wannan majinyaci kusan duk bayan awa 2, in ba haka ba gyambon kwanciya ya ɓullo a ƙugu da diddige. Baba kuwa tun safe har la'asar a gefe ɗaya yake, ga buta can bakin ƙofa, hannunsa ba ya kaiwa. Ni ban ga laifin matar nan ba. Ita kaɗai ce, masu sauraro, ita kaɗai.

Ƙidayar 2021 ta nuna masu shekara 60 zuwa sama a Gana sun kusa miliyan 2. A shekarar 2022 kuwa ma'aikatan jinya 'yan Gana fiye da 1,200 ne suka yi rajistar aiki a Ingila, alhali ana bukatarsu a asibitocinmu irin su Komfo Anokye.

Lokaci na neman ƙure mana, don haka a gurguje: inshorar lafiya ta ƙasa ta yafe wa mai shekara 70 kuɗin shekara, shirin LEAP kuma tun 2008 yake tallafa wa tsofaffi marasa ƙarfi daga shekara 65. Amma sai an samu mai kai su a yi musu rajista.

Malamanmu limamai, shugabannin matasa, ƙungiyoyin mata, don Allah kowace unguwa ta rubuta sunayen tsofaffinta da ke kwance, a raba kwanaki, kullum wani ya leƙa ya karɓi mai jinya ko da na awa ɗaya ne. A fara daga wannan Juma'ar. Mu kwana nan, a huta lafiya.