Dawa da Duwatsun Ƙasar Mafara a Lokacin Bazara

Matafiyin da ya taso daga Gusau ya nufi Sakkwato, in dai mai lura ne, zai ga duwatsun da ke tsaitsaye a gefen hanya suna raguwa sannu a hankali, har idan ya wuce Talata Mafara ya doshi Bakura sai ƙasa ta shimfiɗe ta koma yashi da laka. Gama a wannan yanki ne, bisa ga faɗar masana, tsohon dutsen Zamfara yake nutsewa ƙarƙashin kwarin Sakkwato. Nan kusa, a ƙasar Maradun, aka tare Gulbin Sakkwato da madatsar Bakolori, wadda aka kammala a 1978.

Turawa suna da al'adar fita dawa da tanti idan sanyinsu ya wuce, alhali kuwa bazararmu ƙuna ce, wadda takan gasa dutse har ƙafa ta kasa taka shi. Duk da haka kakanninmu ba baƙin kwanan daji ba ne, domin mafarauta, da zarar an kawar da amfanin gona, sukan kaɗa ganga su fita da karnuka da gora, su yi kwanaki suna ya da zango, har ruwan shuka ya komo da su gida.

Ilmin da suka bari, a ganina, ya cancanci a rubuta shi. Tafiya daga asuba ce zuwa hantsi, sa'an nan a nemi inuwar gawo, itacen da Allah cikin hikimarsa ya sa yake tofo da rani ya kaɗe da damina. Idan ruwan gora ya ƙare, akan tona yashin busasshen rafi har ruwa ya tsattsafo, a bar shi ya kwanta kafin a sha. Amma ba a kwana a cikin rafin, saboda hadarin da ya zuba a nesa yana iya aiko da ambaliya cikin dare. Ba a kuma cusa hannu ƙarƙashin dutse, gama nan kububuwa da kunama suke fakewa. In ruwa ya faskara, malamanmu na Malikiyya sun halatta taimama a bisa dutse mai tsarki.

Abin baƙin ciki, yau wannan dawa ta gagari masu ita. 'Yan bindiga sun mamaye dazuzzuka irin su Sububu, kuma ba a manta da 'yan matan makarantar Jangebe da aka kora cikin daji a Fabrairun 2021 ba. Saboda haka kada wani ya karanta wannan ya ɗauki buzunsa ya fita. Muna roƙon hukuma da sarakuna su maido da aminci, su kuma sa a tattara ilmin tsofaffin mafarauta tun suna da rai.