Adana Tsofaffin Sulalla a Gida

Idan aka ce sulalla a nan, ana nufin kuɗin ƙarfe da aka taɓa ciniki da su, kamar anini da ɗari da kwabo da taro da sisi da sule da fataka. A da, anini 10 shi ne kwabo, kwabo 12 shi ne sule, sule 20 kuma shi ne fam, har zuwa ranar 1 ga Janairu, 1973, lokacin da naira ta maye gurbin fam a Nijeriya. Kuɗin sun tafi amma sunayensu sun zauna a bakin Hausawa, shi ya sa har yau za a ji mutum ya ce ba shi da ko sisi, ko ya ce abu bai kai anini ba. Malamin Hausa da ya zo koyar da aron kalmomi zai gaya wa ɗalibansa cewa kwabo da sule da sisi daga Ingilishi aka aro su. Amma bayanin ya fi zama idan ya fito da kwabon, yara suka ga hudar da ke tsakiyarsa da tauraro mai tsini 6 da rubutun Larabci da ke jikinsa. Don haka ya dace mai shirin zama malami ya san yadda ake adana irin waɗannan kayan tarihi.

Abin da ke lalata sulalla

Yawancin mutane ɓarawo kawai suke tunawa idan an yi maganar ajiya. Ɓarawo kuwa bai cika zuwa ba, laima ce ke aiki dare da rana. Tarihin anini ma ya isa misali. A shekarar 1907 aka fara buga shi da alminiyam, amma sai ya riƙa cinyewa saboda yanayin Afirka ta Yamma, dole a 1908 aka koma buga shi da gaurayen jan ƙarfe da nikel.

Kowane ƙarfe da irin ciwonsa. Azurfa tana yin baƙi idan ta haɗu da sinadarin farar wuta, wanda ake samu a jikin robar ɗaure kuɗi da ulu da wasu takardu. Wannan ya shafi sule da fataka na farko da Hukumar Kuɗi ta Afirka ta Yamma ta fara fitarwa a 1913, da kuma dalar Mariya Taresa mai ɗauke da shekarar 1780, wadda fatake suka yi ta shigowa da ita ƙasar Hausa. Jan ƙarfe da tagulla kuwa, gishiri da laima ke haifar musu da wani koren gari mai cin jikinsu har ya yi rami, kuma garin yana iya kama na kusa da shi. Da zarar an ga sule ya fara wannan, sai a ware shi. Sababbin kuɗi, kamar kwabo 50 na 2007, baƙin ƙarfe ne aka lulluɓe, da sun karce sai tsatsa.

Abokin gaba na biyu shi ne mai kayan da kansa. Gumin hannu yana da gishiri da maiƙo, kuma zanen yatsa kan zauna a fuskar sule ya ƙi fita. A gefe ake riƙe sule, da hannu wankakke busasshe. Sannan akwai ɗabi'ar goge tsohon kuɗi da toka ko lemon tsami don ya yi ƙyalli. Wannan dabarar wanke tasa ce, kuma a ganina ta fi laima saurin ɓarna, domin cikin minti 5 takan shafe ƙananan zane da rubutun da suka yi shekara 100 ba su gushe ba. Duhun da tsohon sule ya yi yana cikin shaidar tsufansa, masu saye ma sun fi daraja shi a haka.

Akwatin ƙarfe da kantocinsa

Akwatin ƙarfe na ajiya, wato sef, maganin ɓarawo ne, wani lokaci da gobara. Sai dai a lura da wani abu da ba kowa ya sani ba. Akwatunan da aka ƙera don jure wuta, akan cika bangonsu da wani abu mai riƙe ruwa, wanda kan fitar da tururi idan zafi ya yi yawa don ya kare abin da ke ciki. Wannan ruwa yana iya sa cikin akwatin ya yi laima ko ba gobara. Ke nan akwatin da ya tsare takardun gida daga wuta yana iya zama shi ne mai cinye sulalla, musamman da damina, in an rufe shi wata da watanni ba a buɗe ba.

Maganin wannan shi ne ƙwayoyin silika, irin waɗanda ake tsinta a ƙananan ƙunshi cikin kwalin sabon takalmi ko kwalbar magani. Suna tsotse laima, idan sun cika kuma ana iya busar da su da zafi marar tsanani a sake amfani da su. Abin da ake so shi ne laimar cikin akwatin ta kasance ƙasa da kashi 50 cikin 100, akwai kuma ɗan ƙaramin ma'auni mai araha da ke nuna haka. A riƙa buɗe akwatin ana dubawa, ko da sau ɗaya ne a wata.

Batun kanta kuwa batun nauyi ne. Dalar Mariya Taresa guda ɗaya giram 28 ce, wato guda 100 sun kusa kilo 3. Kwabo mai huda na farko ya haura giram 9, saboda haka guda 1,000 sun haura kilo 9, kuma duk za su shiga ɗan ƙaramin gwangwani. Kantar da aka ɗora bisa ƙananan maƙalai 4 tana iya lanƙwasa ko ta zube, sulalla su bugi juna su karce. Kanta ta ƙarfe mai kauri, wadda gefunanta suka zauna sosai a jikin akwatin, ita ta fi. Katako, musamman sabo ko wanda aka haɗa da gam, yana fitar da tururi mai tsami da ke cin ƙarfe a rufaffen wuri. Masu nauyi a kantar ƙasa ake ajiye su, marasa nauyi a sama, a kuma baza su maimakon a tara a tsakiya. Dalili shi ne ƙofar akwatin kanta tana da nauyi, idan aka buɗe ta alhali saman ya fi ƙasa nauyi, akwatin na iya rinjayowa kan mai shi ko kan yaro. Ɗaure shi da noti a daɓe ko a bango yana hana wannan, yana kuma hana ɓarawo ya ɗauke shi ɗungurungum. A guji bangon banɗaki da ɗakin girki da duk bangon da ke jiƙa da damina.

Ba a zuba sulalla tsibi guda. Kowanne a ba shi nasa gida, ko ƙaramar ambulan ta takarda marar tsami, ko ɗan ƙoƙon roba mai tauri. Robar nan mai laushi da ake kira PVC, wadda ake yin wasu littattafan adana hotuna da ita, takan bar wani koren danƙo a jikin ƙarfe bayan 'yan shekaru, don haka a nisance ta.

Wanda ba shi da halin sayen sef, adakar ƙarfe mai kwaɗo da ƙwayoyin silika a ciki za ta yi masa aiki, muddin ya ɗaga ta daga daɓen siminti.

Rajista

A bayan kowace ambulan a rubuta sunan kuɗin da shekararsa da inda aka samo shi, da fensir, domin tawada na iya zuba. Sannan a buɗe littafi a jera su da lamba, a ɗauki hoton fuska da bayan kowanne da waya. Littafin nan ba a cikin akwatin ake ajiye shi ba, don in an yi sata ko gobara kada shaida ta tafi tare da kaya. Haka kuma wani amintacce a gida ya san inda mabuɗi yake da abin da aka ajiye, domin magadan da ba su san darajarsu ba suna iya sayar wa maƙera da su a kan nauyin ƙarfe kawai. Idan za a shiga aji da su, a ɗauki waɗanda ake da irinsu biyu ko uku, a ƙidaya su kafin a miƙa wa ɗalibai, a sake ƙidayawa kafin a tashi.